Yadda ake gane ko abubuwa biyu masu tafiya za su yi karo, da bekta da lissafin faramita

Tambayar da ta fi kayar da ɗalibai a babin bekta da faramita ba wai wuya gare ta ba, tarko ne kawai a cikinta. Za a ba ka jiragen ruwa biyu, a faɗa maka inda kowanne yake da irin gudun da yake yi, sai a ce maka to za su yi karo ko ba za su yi ba? Kai kuma ka zana layi biyu, ka ga sun gitta juna, ka rubuta "eh za su yi" da ƙwarin gwiwarka. Ni ma haka na yi lokacin ina ɗalibi, da takarda ta dawo sai na ga malamin ya sa jan biro ya rubuta kalma ɗaya tal a gefe, wai "yaushe?" Na daɗe ina jin haushin kalmar nan kafin na gane ashe duk karatun a cikinta yake. Hanyoyi biyu su haɗu daban, masu tafiya a kansu su haɗu daban, kuma abin da ya raba su shi ne lokaci. Layin da ka zana a giraf bai san lokaci ba, shi ya sa ake kawo lissafin faramita.

Bari mu fara da kalmomin biyu don kada su tsorata ka. Bekta kibiya ce kawai, tana da tsawo kuma tana da inda ta dosa. In na rubuta (12, 16) ina nufin taku 12 zuwa gabas da taku 16 zuwa arewa, in ka ga mainas a lambar farko to yamma ake nufi, a ta biyu kuma kudu. Faramita kuwa wani harafi ne na uku wanda x da y duk suke rataye a jikinsa, a maganar tafiya harafin shi ne t, wato agogo. Ka ba ni t in ba ka inda abin yake a wannan lokacin. Shikenan fa.

Mataki na farko: kafa tushe ɗaya da agogo ɗaya

Kafin ka taɓa kalkuleta, zaɓi wuri ɗaya ka ce nan ne (0, 0), ka ce x gabas y arewa, sannan ka yanke da wane ma'auni za ka yi aiki. A misalin da za mu bi har ƙarshe, tushenmu tashar jiragen ruwa ce, nisa da kilomita, lokaci da awa, kuma t = 0 shi ne ƙarfe 8:00 na safe ga jiragen duka biyun. Wannan "duka biyun" ɗin ka riƙe shi da kyau. In jirgi ɗaya agogonsa ya fara ƙirga daga 8:00 ɗayan kuma daga 8:30 amma ka kira su duka t, to duk abin da za ka lissafa daga nan aikin banza ne ko da ba ka yi kuskuren tarawa ko ɗaya ba. Haka in an ba ka gudun wani da mita a sakan, na wani da kilomita a awa, mayar da su iri ɗaya tun yanzu, mita 1 a sakan daidai yake da kilomita 3.6 a awa.

Mataki na biyu: nemo bektan gudun kowanne

Nan ya danganta da abin da aka ba ka, kuma yawanci ɗaya daga cikin hanyoyi uku ne.

Jirgin A, an gan shi a (2, 1) da ƙarfe 8:00, da 8:30 kuma an gan shi a (8, 9). Cire wurin farko daga na biyu, ka samu (6, 8), wannan ita ce tafiyar da ya yi cikin rabin awa. Raba da 0.5 ka samu ta awa guda, wato (12, 16). Wannan shi ne bektan gudunsa.

Jirgin B kuma ba haka aka ba mu ba, an ce yana (15, 10) da ƙarfe 8:00, yana gudun kilomita 15 a awa, ya dosa ɓangaren (−4, 3). A nan mutane da yawa suke ɗaukar (−4, 3) ɗin su ninka da 15 kai tsaye, su samu jirgin ruwa mai gudun kilomita 75 a awa ba su ma lura ba. Kibiyar (−4, 3) tsawonta 5 ne, wato √(16 + 9), don haka sai ka fara rage ta zuwa tsawon 1, wato ka raba da 5 ka samu (−0.8, 0.6), sannan ka ninka da 15. Amsa (−12, 9).

Hanya ta uku ita ce a ba ka sauri da kusurwa. In an auna kusurwar daga gabas ana juyawa zuwa arewa, to ɓangaren x shi ne sauri sau cos na kusurwar, na y kuma sauri sau sin. Amma ka kula, matuƙan jirgi ba haka suke aunawa ba, su daga arewa suke farawa su bi yadda hannun agogo yake juyawa, to in irin nasu aka ba ka sin da cos musanya wuri suke yi. Kuma dan Allah ka duba kalkuletarka tana kan digiri ko radiyan, wannan ƙaramin abin ya cinye makin mutane ba adadi.

Mataki na uku: rubuta inda kowanne yake a lokaci t

Ƙa'idar guda ɗaya ce, inda kake yanzu shi ne inda ka fara, a tara da gudunka sau lokacin da ya wuce. Ga A:

x = 2 + 12t
y = 1 + 16t

Ga B:

x = 15 − 12t
y = 10 + 9t

Wasu littattafan za su dunƙule shi a layi ɗaya su rubuta r = (2, 1) + t(12, 16), duk abu ɗaya ne, wancan an warware shi ne wannan kuma an naɗe. Gwada shi ka tabbatar, sa t = 0.5 a na A, x ya ba ka 8, y ya ba ka 9, daidai inda aka gan shi da 8:30. Ni kullum sai na yi wannan ɗan gwajin kafin in ci gaba, sakan goma ne amma yana kama kuskure tun yana ƙarami.

Mataki na huɗu: wa ya fi sauri, kuma ina kowa ya nufa

Sauri shi ne tsawon kibiyar gudu, kuma ƙa'idar Faitagoras ce take ba ka shi, ninka kowace lamba da kanta, ka tara, ka ɗauki √. Na A, √(144 + 256) = √400 = 20. Na B, √(144 + 81) = √225 = 15. To A ya fi B sauri da kilomita 5 a awa. Ka lura mainas ɗin da ke jikin 12 na B ya ɓace da aka ninka shi da kansa, sauri ba ruwansa da gabas ko yamma.

Kusurwa kuwa, ta A ita ce wadda tan ɗinta yake 16/12, wajen digiri 53.1 daga gabas. Ta B ce mai ɗan rikici, in ka nemi kusurwar da tan ɗinta yake 9 a raba da −12 kalkuleta za ta ce maka −36.9, wanda yake nuna kudu maso gabas, alhali jirgin arewa maso yamma ya dosa. Ba ƙarya ta yi maka ba, ita dai ba ta san wace lamba ce mai mainas ɗin ba, sai ka ƙara 180 da kanka ka samu 143.1. Shi ya sa ɗan zane ko da na gaggawa ne yake da amfani, ido zai gaya maka abin da na'ura ta ɓoye.

Akwai wata dabara mai sauƙi ta gane yadda hanyoyin biyu suke kallon juna, ana ce mata ninkin ɗigo. Ninka x da x, ninka y da y, ka tara. Namu, 12 sau −12 ya ba da −144, 16 sau 9 ya ba da 144, an tara an samu sifili. Duk lokacin da ka samu sifili to hanyoyin a tsaye suke a kan juna, kusurwar 90 cif, kuma ka ga ai 143.1 a cire 53.1 ma 90 ɗin ne. In amsar ta fi sifili to kusan ɓangare ɗaya suka nufa, in ta gaza sifili to sun fi kusa da masu fuskantar juna ko masu juya wa juna baya.

Mataki na biyar: hanyoyin sun gitta juna?

To nan gizo yake saƙar. In tambayar ita ce ko hanyoyin sun haɗu, ba ruwanka da cewa su iso tare, don haka kowane jirgi ka ba shi nasa harafin. Bar wa A harafin t, B kuma ka ba shi s. Daidaita x da x, y da y:

2 + 12t = 15 − 12s
1 + 16t = 10 + 9s

Gyara su, na farko ya zama 12t + 12s = 13, na biyu 16t − 9s = 9. Daga na farko s = 13/12 − t. Zuba shi a na biyu, 16t − 9.75 + 9t = 9, wato 25t = 18.75, t = 0.75. Sai s = 13/12 − 9/12 = 1/3.

Mayar da t = 0.75 cikin na A ka samu (11, 13). Mayar da s = 1/3 cikin na B, 15 − 4 = 11, 10 + 3 = 13. Sun yi daidai, to mahaɗar tana (11, 13).

Yanzu karanta abin da lambobin suke faɗa. B zai isa mahaɗar bayan sulusin awa, minti 20, ƙarfe 8:20 kenan. A kuma sai bayan minti 45, ƙarfe 8:45. Kafin A ya iso B ya yi minti 25 da wucewa, ko kumfar da ya bari a ruwa ta kwanta. Wannan ita ce amsar "yaushe?" ɗin malamina.

Abu ɗaya kuma, in t ko s ya fito da mainas, to layukan sun haɗu a takarda amma a bayan jirgin ne, wurin da ya riga ya baro ko bai ma taɓa zuwa ba. Kada ka ƙirga shi a matsayin haɗuwa.

Mataki na shida: gwajin karo

Karo kuwa sai wuri ɗaya a lokaci ɗaya, to a nan harafi ɗaya za ka sa musu. Ta ɓangaren x, 2 + 12t = 15 − 12t, t = 13/24, wajen 0.54. Ta ɓangaren y, 1 + 16t = 10 + 9t, t = 9/7, wajen 1.29. Lokutan biyu ba su zo ɗaya ba, to babu karo. Ma'anarsa, da wajen 8:32 ɗaya yana arewa da ɗaya cif, da wajen 9:17 kuma ɗaya yana yamma da ɗaya cif, amma babu lokacin da abin ya haɗu duka biyu. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mutum ya warware x kaɗai ya ga ya samu t mai kyau ya tsaya. Dole t ɗin da x ya bayar ya gamsar da y ma. In ka riga ka yi mataki na biyar ma ba sai ka sake wannan ba, duba kawai ko t da s sun zo daidai.

Mataki na bakwai: to yaya kusancinsu zai kai?

Wannan ne matakin da na fi so, kuma shi ne wanda ake amfani da shi a zahiri, saboda jirgi ba ɗigo ba ne, in lissafi ya ce za ku wuce juna da tazarar mita 30 ai ba za ka ce alhamdulillahi babu karo ka koma barci ba.

Dabarar ita ce ka ɗauka kana zaune a cikin A, ka manta cewa kana tafiya, kana kallon B kawai. Inda B yake daga wajenka shi ne wurin B a cire wurin A:

d = (15 − 2, 10 − 1) + t(−12 − 12, 9 − 16)
d = (13, 9) + t(−24, −7)

Duba abin da ya faru, abubuwa biyu masu motsi sun koma abu ɗaya mai motsi da ɗaya a tsaye. Kibiyar (−24, −7) ita ce gudun B a idon wanda yake cikin A, tsawonta √(576 + 49) = 25. Wato duk da babu mai gudun da ya wuce 20 a cikinsu, a idon juna gudun 25 suke yi. Kuma abin mamaki, B da yake tafiya arewa, mutumin cikin A zai ga kamar kudu yake zamewa, saboda A ya fi shi saurin hawa arewa, kamar dai yadda motar da ka wuce a titi take zama kamar baya take yi.

Yanzu nisa. Kada ka wahalar da kanka da alamar √ tun yanzu, yi aiki da nisa sau kansa, duk inda wannan ya fi ƙanƙanta nan nisan ma ya fi ƙanƙanta:

(13 − 24t)² + (9 − 7t)² = 625t² − 750t + 250

Wannan lanƙwasa ce mai kamar kwano, gindinta yana t = 750 a raba da (2 sau 625), wato 0.6. Wanda ya yi kalkulas zai iya difarenshiyetin ya daidaita da sifili, amsa ɗaya zai samu. Akwai kuma gajeriyar hanya da ninkin ɗigo, ɗauki ninkin ɗigon (13, 9) da (−24, −7), ya ba da −312 − 63 = −375, juya alamar ka raba da 625, ka samu 0.6 ɗin dai. Awa 0.6 minti 36 ne, ba minti 60 ba kuma ba minti 6 ba, ninka da 60 kullum.

Zuba 0.6 ɗin, 225 − 450 + 250 = 25, sai ka ɗauki √25, kilomita 5. To da ƙarfe 8:36 ne za su fi kusa, tazararsu kilomita 5. In kana so ka gani da idonka, a lokacin A yana (9.2, 10.6), B yana (7.8, 15.4), bambancin (−1.4, 4.8), tsawonsa 5.

Ka lura da wani abu da yawancin mutane ba sa zato. Da 8:20 lokacin da B yake kan mahaɗar, tazarar wajen kilomita 8.3 ce. Da 8:45 lokacin da A yake kan mahaɗar, 6.25 ce. Mafi kusancin bai faɗo a ko ɗaya daga cikin lokutan nan ba, a tsakaninsu ya faɗo, lokacin da babu wanda yake kan mahaɗar. Don haka duk wanda ya auna tazara a mahaɗa kawai ya ce ita ce mafi ƙanƙanta, ya yi kuskure. Haka kuma in t ɗin nan ya fito da mainas, to kusancin ya riga ya wuce, yanzu sun yi hannun riga, nisa ƙaruwa kawai yake yi.

Wannan lissafin ne na'urar radar ta manyan jiragen ruwa take yi wa matuƙi, ta nuna masa lambobi biyu a kan kowane jirgi da ke kusa, tazarar da za su fi kusantar juna da kuma mintunan da suka rage kafin lokacin.

In ɗaya ya makara wajen tashi fa?

A ce B bai tashi da 8:00 ba, ya tsaya a (15, 10) har 8:25. Minti 25 shi ne 5/12 na awa. Agogon dai ɗaya ne, abin da za ka canza shi ne duk inda t yake a lissafin B ka mayar da shi (t − 5/12), kuma lissafin ba ya aiki sai daga t = 5/12 zuwa sama, kafin nan yana tsaye ne:

x = 15 − 12(t − 5/12)
y = 10 + 9(t − 5/12)

Sa t = 0.75, abin cikin baka ya zama 1/3, B yana (11, 13), A ma yana (11, 13). Karo kenan. Hanya ba ta canza ba, sauri bai canza ba, jinkirin minti 25 kaɗai ya mayar da tazarar kilomita 5 ta koma sifili. Wurin da ake ruɗewa shi ne alamar, wanda ya makara ana cire masa ne, t − wani abu, saboda lokacin da ya yi yana tafiya bai kai na agogo ba. Wanda ya riga tashi shi ake ƙara wa.

Kuma ga wani abu mai daɗi a nan. Da 8:25 ɗin A yana wajen (7, 7.67), to B daga wajensa yana (8, 2.33). Raba 8 da 2.33, raba 24 da 7, duk wajen 3.43 za ka samu. Wato kibiyar tazara da kibiyar gudun da suke yi a idon juna sun kwanta a layi ɗaya, ɗaya tana cin ɗaya har ta ƙare. A idon mutumin cikin A, B ba ya matsawa hagu ba ya matsawa dama, yana nan a wuri ɗaya a jikin gilashin taga sai dai girma da yake ƙarawa. Matuƙan jiragen ruwa sun san wannan tun kafin a ƙera radar, in kusurwar da kake hango wani jirgi ba ta canzawa kuma yana ƙara matsowa, to ku biyun wuri ɗaya za ku isa a tare, a juya tun da wuri.

Masu bin layi ɗaya

Wani lokacin kuma hanyar ma ɗaya ce. In ka kawar da t daga lissafin A za ka samu y = 1 + (4/3)(x − 2), wannan shi ne layin zalla babu lokaci a ciki. Ɗauki jirgin C da ya fara daga (5, 5) da gudun (6, 8). Wurin (5, 5) yana kan layin, kuma (6, 8) rabin (12, 16) ne, to layi ɗaya suke bi, C yana gaba da kilomita 5 amma gudunsa 10 ne kawai. A giraf ba za ka ga komai ba sai layi guda. Da faramita kuwa, 2 + 12t = 5 + 6t ya ba da t = 0.5, y ma ya yarda, 9 da 9, to A zai cim masa a (8, 9) da 8:30. Da a ce gudun C (12, 16) ne shi ma, t zai ɓace daga lissafin ka ga an bar ka da 2 = 5, wanda yake nufin har abada tazarar kilomita 5 ɗin tana nan. In kibiyoyin gudun ninkin juna ne amma wurin farawar ɗaya ba ya kan layin ɗayan, to hanyoyin jere suke ba za su taɓa gittawa ba, amma duk da haka mataki na bakwai yana aiki.

In hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce

Duk abin da muka yi ya ɗauka gudu ba ya canzawa. Da zarar ka jefa abu sama, nauyi ya shigo, kowane sakan gudun faɗuwa yana ƙaruwa da wajen mita 9.8 a sakan, to sai a ƙara −4.9t² a lissafin y, wanda a nan tsayi ne, x kuma a bar shi yadda yake. Galileyo, masanin kimiyya ɗan Italiya, shi ne ya bayyana wannan a rubuce a 1638, cewa tafiyar gaba da faɗuwa ƙasa kowacce harkarta take yi ba ta shiga ta ɗaya, kuma haɗuwarsu ce take ba da lanƙwasar da ake kira farabola. A nan muna kawar da kai daga turjiyar iska, wanda ya yi daidai ga dutse a ɗan gajeren nisa amma ba ga takarda ko gashin tsuntsu ba.

Tsaya a kan gini mai tsawon mita 19.6 da duwatsu biyu. Saki ɗaya kawai, x = 0, y = 19.6 − 4.9t². Ɗayan ka wurga shi gaba a miƙe da gudun mita 10 a sakan, x = 10t, y = 19.6 − 4.9t². Lissafin y ɗinsu iri ɗaya ne sak, to tare za su taɓa ƙasa, bayan sakan 2, ɗaya a gindin ginin ɗaya a mita 20 gaba. Saurin saukarsu ne ya bambanta, na farko 19.6, na biyu tsawon (10, −19.6) wato wajen 22.

Yanzu yi musu abin da muka yi wa jiragen, cire na farko daga na biyu. −4.9t² ɗin ya kashe ɗan'uwansa, an bar ka da (10t, 0). A idon dutsen da yake faɗuwa, ɗan'uwansa tafiya yake yi a miƙe kamar babu nauyi a duniya. Daga nan ne wani gwaji da malaman fiziks suke son yi a aji ya samo asali. An rataye gwangwani a (30, 40), kai kana (0, 0), ka saita shi daidai ka harba dutse da gudun (15, 20), a daidai lokacin kuma aka saki gwangwanin. Hankali zai ce maka ai ka yi saiti ƙasa kaɗan tunda faɗuwa zai yi. Lissafi ya ce a'a. Dutsen zai kai x = 30 a t = 2, tsayinsa a lokacin 40 − 19.6 = 20.4. Gwangwanin ma 40 − 19.6 = 20.4. Ya same shi. Sharaɗin kawai shi ne dutsen ya isa kafin gwangwanin ya taɓa ƙasa.

In abin a sararin sama ne sai ka ƙara z na tsayi, matakan duk suna nan yadda suke, lamba ta uku ce kawai ta ƙaru a kowace baka. Jiragen sama biyu za su iya gitta juna a taswira a sakan ɗaya amma ɗaya yana sama da ɗaya da ƙafa 1,000, wanda shi ne tazarar da aka saba raba su da ita a tsayi. Ranar da x da y da z da t duk suka zo ɗaya kuwa ba ta da kyau, ranar 10 ga Fabrairun 2009 tauraron ɗan'adam na Amurka mai suna Iridium 33 da wani mataccen na Rasha, Kosmos 2251, suka yi karo a sama da Saiberiya, wajen kilomita 790 daga ƙasa, gudunsu a idon juna ya haura kilomita 11 a sakan ɗaya. A irin wannan gudun, bambancin sakan guda wajen isowa mahaɗa tazarar kilomitoci ce.

Kafin ka miƙa amsa

Buɗe GeoGebra ko Desmos, manhajojin zana giraf, duk kyauta ne kuma suna aiki a waya. Rubuta (2 + 12a, 1 + 16a) a layi ɗaya, (15 − 12a, 10 + 9a) a layi na biyu, zai ba ka ɗan maɓallin ja na harafin a, saita shi daga 0 zuwa 1 ka danna ya tafi. Na ce ka sa a ne ba t ba saboda Desmos in ya ga t layin gaba ɗaya yake zana maka maimakon ɗigo mai tafiya, in kana son ganin layukan ma sai ka ƙara wasu biyun da t. Za ka ga ɗigon B ya tsallake mahaɗar tun A yana can baya, ka ga sun matso juna har wajen 0.6 sannan su fara rabuwa. Sai ka canza na B ka sa (a − 5/12) a madadin a, ka fara jan maɓallin daga 0.42, ka tsayar da shi a 0.75 ka ga ɗigo biyun sun hau kan juna a (11, 13).